Baƙon Da Ya Ƙi Tashi

A hutun da ya wuce na je gida na tarar hunturu ya tsananta. Wata rana da dare Inna ta cika kasko da garwashi ta kai ɗakin da muke kwana ni da ƙanena, mu kuwa muka rufe ƙofa, muka toshe taga da tsumma. Da asuba Baba ya yi ta kira, shiru. Da aka ɓalle ƙofa sai aka tarar ƙanena ya yi amai, ko zama ba ya iyawa, ni kuma kaina kamar ana sara da gatari. Aka garzaya da mu asibiti, Allah Ya sa muna da sauran shan ruwa. Kakata ta ce iska ce ta buge mu. Ashe gaskiya ta faɗa, sai dai ba irin iskar da take nufi ba.

Da na komo makaranta na ba abokin ɗakina labari, shi kuwa ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. Ya ce, "Malam, kai da ka san sarauta, zo in nuna maka wata fada." Ya kai ni ɗakin gwaji, ya ɗauko ruwan gishirin jan ƙarfe mai shuɗi-shuɗi, ya yi ta zuba masa amoniya har ya rine kamar an tsamo shi daga karofi. Ya ce ƙarfen nan sarki ne, ƙwayoyin ruwa su ne fadawan da ke kewaye da shi. Amoniya ta fi su ƙarfin riƙo, ta ture su ta zauna, shi ya sa launi ya sāke. Irin waɗannan fadawa su masana ke kira ligan. Wanda ya fara tsara wannan bayani shi ne Alfred Werner, a birnin Zurich, a 1893, har aka ba shi lambar Nobel a 1913. Na ce lalle zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sa'an nan ya ce irin fadar nan tana cikin jinina. A cikin jan sinadarin jini, watau himogulobin, akwai ƙwayar baƙin ƙarfe huɗu, kowace da mazauni shida. Biyar suna da masu su, na shida na baƙo ne, watau oksijin. Shi baƙon kirki ne, ya hau a huhu, ya sauka inda jiki ke bukatarsa. To, garwashi in yana ci a ɗakin da iska ba ta wadata ba, yakan fid da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Riƙon da takan yi wa mazaunin nan ya fi na oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Daɗin daɗawa, in ta kama wasu mazaunan, sauran sai su ƙanƙame oksijin ɗin da ke gare su, su ƙi sakinsa. Ga jini yana gudu, amma ƙwaƙwalwa tana yunwa. Dalilin da ya sa ke nan aka sa wa ƙanena oksijin zalla a asibiti, don yawa ya rinjayi ƙarfi.

Na daɗe ina tunani. Shekarata uku ina nazarin karin magana, ban san abin da ya kusa kashe ni a ɗakin ubana ba. Ran nan na kira Inna na yi mata bayani da Hausa, da sarki da fadawa da baƙon da ya ƙi tashi. Ta ce, "To, ɗan nan, ashe ni na shigar muku da shi da hannuna."

'Yan'uwa ɗalibai, in kun je gida ku faɗa musu. A fid da kasko kafin a kwanta, janareta kuma a ajiye shi waje, nesa da taga.