Tsakanin Zuciya da Hankali: Ranar da Na Yi wa Gwaggo Tafinta

A unguwar Ƙofar Marusa ta birnin Katsina aka haife ni, a nan kuma na yi wayo. Kafin in shigo wannan sashe na nazarin Hausa, na ɗauka aikin tafinta bai wuce musayar kuɗi ba, watau ka miƙa kalmar Turanci a ba ka canjinta da Hausa. Abin da ya raba ni da wannan zato shi nake so in labarta wa mai karatu, ko da yake labarin ba na abin alfahari ba ne.

A shekarar 2022 Allah ya yi wa mijin gwaggona rasuwa. Ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, amma ba ta koma yadda take ba. Abinci sai an matsa mata, barci kuwa ya ƙaurace wa idonta. Mahaifina, wanda yake ƙanenta ne, ya ce in raka ta asibiti tun da ni ne ɗan boko. Muka tarar da wani matashin likita ɗan bautar ƙasa wanda ba ya jin Hausa. Ya tambayi abin da ke damunta, sai ta ce, "Faɗa mashi zuciyata ce. In dare ya yi sai ta yi ta kai da kawowa, ta yi baƙi ƙirin." Ban tsaya wata-wata ba na ce masa "heart". Ya auna jininta, ya saurari ƙirjinta, ya tura mu gwajin bugun zuciya. Muka biya kuɗi, sakamako ya fito lafiya lau.

Da muka koma bayan mako guda, likitan ya zauna ya yi mata tambayoyi a natse, ya ji labarin rasuwar. Sa'an nan ya ce tsokar da ke ƙirjinta ƙalau take, matsalar tana cikin "mind" ɗinta. Na laluba cikin kaina, kalmar da ta fara zuwa bakina ita na furta: "Gwaggo, ya ce matsalar a hankalinki take." Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Mi ya ce? Ni ce ba ni da hankali? Ni da na goyi ubanka?" Ta ja mayafinta ta fice. Wata biyu cur ba wanda ya isa ya ambata mata asibiti. Tsoronta kuwa yana da dalili, domin tana da 'ya budurwa a ɗaki, kuma kowa ya san masu binciken aure ba su wasa da jita-jitar taɓin hankali a dangi. Magana zarar bunu ce, ni kuwa na riga na zare.

Sau biyu ke nan na yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne. Da fari na ɗauki zuciyar Bahaushe na mai da ita tsoka kawai. Daga baya na ɗauki kalmar Bature mai faɗi na cusa ta cikin kalmarmu wadda ke da nata nauyin dabam.

Idan muka duba da kyau, abin da Bature ya tara a kalma ɗaya, Bahaushe ya rarraba shi gida-gida. Inda Bature zai ce ya sauya "mind" ɗinsa, mu sake shawara muke yi. Inda zai ce abu ya zo masa a cikinta, mu faɗo mana a rai yake yi. Inda zai nemi zaman lafiyarta, mu kwanciyar hankali muke nema. Hankali shi ne mai rarrabe daidai da ba daidai ba, shi ya sa ake cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Yana tashi, yana kwanciya, ana jawo shi, yana kuma gushewa. Har ila yau shi ne ma'aunin ladabi da natsuwa: yaro mai hankali ba lalle ne ya fi kowa ƙoƙari a aji ba, kuma wanda aka ce ya tafi a hankali ba lissafi aka sa shi ba. Saboda haka duk wanda aka ce hankalinsa na da matsala, an taɓa mutuncinsa ne gaba ɗaya.

Zuciya kuwa ita ce mazaunin so da ƙi da fushi da niyya. Tana fari, tana baƙi, tana raya wa mutum abu, tana kuma mutuwa alhali mai ita yana yawo da ƙafafunsa. Ƙwaƙwalwa ta karatu da riƙe abu ce. Tunani aikin juya al'amari ne a rai, amma in ya yi yawa ya zama ciwo. Ga kuma basira da fahimta da hikima da wayo da dabara, kowace da muhallinta. Mai wayo ba dole ne ya zama mai hikima ba, sau da yawa ma akan yi kaffa-kaffa da shi.

Wani abin lura shi ne da yawa daga cikin waɗannan kalmomi baƙi ne da suka zama 'yan gari. Hankali da basira da fahimta da hikima da niyya da waswasi duk daga Larabci suka samo asali, sun shigo ta hanyar addini da zaurukan karatu irin waɗanda suka ɗaukaka sunan Katsina a zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, cikin ƙarni na 17. Amma da suka zauna sai suka ɗauki ɗabi'ar masu masauki. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A harshen mutanen Romaniya, can gabashin Turai, kalmar "minte" daga Latin ta fito, kuma dangi ce ta nesa ga "mind" ta Turanci. Duk da haka, in suka ce yaro "cuminte" ne, watau yana tare da "minte", nufinsu yana da ladabi da natsuwa, daidai da yadda muke cewa yaro mai hankali. Kalmarsu ta tunani kuma, "gând", aro ce daga harshen maƙwabtansu mutanen Hangari, inda asalinta ke nufin damuwa. Ashe ko a can tunani da damuwa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Magabata sun yi mana aiki ba kaɗan ba. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Abraham da Malam Mai Kano suka biyo baya a 1949, Skinner ya kawo na Turanci zuwa Hausa a 1965, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990, sa'an nan Jami'ar Bayero ta buga ƙamusun Hausa zalla a 2006. Sai dai ƙamus jera maka kalmomi yake yi. Ba zai shiga ɗakin likita tare da kai ya nuna maka wadda za ta warkar da wadda za ta yi rauni ba.

Wadda ta gyara ɓarnar da na yi wata maƙwabciyarmu ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ta shigo da yamma, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Yaya, kowa ya san hankalinki garau yake. Tunani ne ya yi maki yawa, damuwa ta kwanta maki a rai. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kuma da magani." Gwaggo ta yi shiru, hawaye suka zubo, ta ce, "Haka ne, abin da nike ta faɗi ke nan." Washegari da kanta ta ce in raka ta. Abin da likita ya faɗa shi wannan baiwar Allah ta maimaita, kalma kawai ta sauya.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu sha'awar fassara, da mu riƙa sauraron yadda iyayenmu ke ambaton abin da ke cikin ransu, mu rubuta, mu tantance, domin amfanin asibitoci da kotuna da gidajen rediyo. Hausawa sun ce zuciyar mutum birninsa. Birni kuwa, kamar namu na Katsina, ƙofofinsa da yawa. Wanda zai shiga da saƙon wani, wajibi ne ya san ƙofar da za a karɓe shi. Ni dai na koyi nawa darasin a wurin Gwaggo, wadda har yau in ta so tsokanata sai ta kira ni "Malam Tafinta". Allah ya sa mu dace, amin.