Tayoyi a Hanyar Jos Zuwa Bauchi

Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne. Kana gangarowa ta Tilden Fulani da Nabardo zafi yana ƙaruwa, ga masu faci a gindin itatuwa kusan kowane gari.

Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu ya sayi BMW mai irin tayar nan da ba ta kwanciya ko ƙusa ta huda ta. An yi ta don ta ƙara kilomita 80 bayan huji. To, Bauchi ta fi haka, ga shi gefen tayar tauri gare shi, ba kowane mai faci ke iya cire ta ba. Sai ya koma irin tayoyin da muka saba, girgiza ma ta ragu.

Amma fa, mai karatu, motar ba ta zo da safaya ba. Sai da ya sayi safaya da jak da sifana kafin muka yi addu'a muka kama hanya.