Mu Da Muka Tare A Arkilla

Ku matso kusa 'yan'uwa, yara sun tafi Islamiyya, maganar nan tamu ce mu kaɗai. Amarya, tun da maigidanki ya sayi fili a bayan Arkilla kike tambaya ko wurin zai zaunu. To, gyara zama ki ji daga bakin waɗanda suka riga ki tarewa.

Kin ga birnin nan, tuni ya fi ƙarfin ganuwarsa. Tun 1967 da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma ma'aikata ke kwararowa, har Ƙofar Rini da Ƙofar Marke suka kasa ɗaukar jama'a. Yau Arkilla da Bado da Kalambaina duk a ƙasar Wamakko suke, Dambuwa kuma a Dange-Shuni, amma kowa ka tambaya sai ya ce a Sakkwato yake zaune. Mu mutanen gabashin jihar kuwa kun san abin da ya ɗago mu. Wasu aiki ne da karatu. Wasu ambaliyar 2010 ce, wadda ta cinye gidaje da gonaki a Goronyo da Wurno. Wasu kuma tsoro ne, bayan hare-haren da aka kai Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018 da kasuwar Goronyo a 2021. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Daɗin wurin ba a musunsa. Akwai iska, akwai tsakar gida da za ki shanya kaya har ki dasa zogale, ba mai karɓar haya da zai tsaya miki a ƙofa. Amma ki shirya wa ruwa. Hajiya ga ta nan, 'yar Goronyo ce, a gaban madatsar ruwan da ke shayar da birnin nan ta girma, yau kuwa sai ta tsaya jiran 'yan ga-ruwa da jarkoki a kura, domin gini ya riga famfo isowa layinsu. Kafin ku sa bulo ɗaya, ku tambayi inda burtsatse mafi kusa yake, ku zo da damina ku ga inda ruwa ke kwanciya, ku ji ko ɗan kabu-kabu na yarda ya shiga layin bayan isha'i. Sannan ki lallaɓa maigida kada ya tsaya ga bakin dillali. Ya kai maganar gaban mai unguwa da shaidu, ya nemi takardar mallaka ta hukuma. Mun ga fili ɗaya da masu shi biyu, kuma kukan a ɗakin mata yake ƙarewa.

Abin da ya fi damuna ba ruwa ba ne, katanga ce. A garinmu Wurno idan mace ta haihu, kafin a yanke cibi maƙwabta sun ɗora ruwan zafi. Nan kuwa kowa ya ja doguwar katanga ya kulle ƙyauren ƙarfe. A layinmu wata baiwar Allah ta kwanta ciwo, mijinta na wurin aiki a kamfanin siminti, ba wadda ta sani a cikinmu sai da muka ga an kawo mota za a kai ta asibiti. Ranar na kasa barci. Ɗaki da ɗaki muke, bango ɗaya ya raba mu.

Ku tuna, Wurnon da muke alfahari da ita, ita ma ta taɓa zama sabon wuri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta a matsayin ribaɗi, ya tara mutane daga wurare daban-daban, can kuma aka binne shi a 1837. Waɗancan mutanen baƙin juna ne da farko. Masallaci da makaranta da auratayya da zaman makoki suka mai da su dangi, har mu muka taso muka iske kowa ɗan'uwan kowa ne. Abin da suka yi mana, shi ya rage mu yi wa 'ya'yanmu a nan.

Don haka, Amarya, ranar da kika tare, kada ki jira a zo miki barka. Ki dama fura, ki aika gidan dama da na hagu. Ki san matar liman, ki shiga adashin layi ko da kuɗin kaɗan ne, ki karɓi lambar wayar ungozoma. Zumunta a ƙafa take.

Mu ma da sauran aiki a gabanmu. Akwai wata sabuwar zuwa daga Gandi a ƙarshen layinmu, da ƙananan yara, ba ta san kowa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar mu haɗu a gidan Hajiya, kowacce ta riƙo abin da ya sawwaƙa, mu je mu yi mata sannu da zuwa.