Kalmar ƙarshe ta Ellie

The Last of Us, wasan da Naughty Dog suka fitar a 2013, a ɗakin wani abokina na gama shi a Damagaram, kan tsohuwar PlayStation 3. In kuran ya ɗauke mu jira, in ya dawo mu ci gaba.

Faɗan cikinsa ba na jarumta ba ne. Harsashi ƙalilan ne, sau da yawa bulo ko kwalba kake jefawa ka laɓe bayan mota. In Joel ya shaƙe mutum, kana jin numfashinsa har ya ƙare. Wallahi ko sau ɗaya kisan bai yi mini daɗi ba.

A asibitin Salt Lake City za a yi wa Ellie, yarinyar da cutar ba ta kamawa, aikin da zai kashe ta don a samo rigakafi. Wasan bai nemi ra'ayina ba. Likitan ya tare ni da ƴar wuƙa, na daɗe riƙe da manet, daga baya na danna.

Sannan Joel ya yi mata ƙarya. Ta ce ya rantse, ya rantse. Ta dube shi ta ce "oke", allo ya yi baƙi.

Da Hausa "to" ce, amma wacce? Sati guda ina juya abin. Akwai gajerar "to" ta yarda. Akwai wadda innata ke ja, muryarta na sauka, in na ce mata kuɗin littafi sun ɓata alhali ta san inda suka tafi. Abokina ya ce ta farkon ce. Ni ta inna na ji.