Tsakanin Littafi Da Fim: Ra'ayin Ɗan Koyo

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma masu son littattafan almara ba su yarda ba. Da fim ɗin Harry Potter na farko ya fito a 2001, daga littafin J.K. Rowling na 1997, masoya sun yi ta ƙorafi: an cire Peeves, aljanin nan mai tsokana, kuma idanun yaron koraye ne a littafi, a fim shuɗaye. Haka na ji wasu 'yan ajinmu suna kushe wasan talabijin na Magana Jari Ce, wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki, wai fadar ba ta kai wadda Abubakar Imam ya gina musu a zuci ba.

Suna da hujja, amma ni takalmina daban ne. A gidanmu a Ajilari harshen Kanuri muke yi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na koye ta. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Alal misali, fara ta ci, riga fara da fara aiki, duk rubutunsu ɗaya. Bahaushe yana karatu yana jin murya a kunnensa. Ga irina, takarda bebiya ce. A bakin 'yan wasa na ji yadda bafade ke furta gaisuwar sarki, da inda ba'a ke sauya murya.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kafin mu yanke wa fim hukunci, mu tambaya: wa ya amfana? Abin da ya rage wa mai harshe, ya ƙara wa ɗan koyo.