Guga ya faɗa, aka zura yaro

Shekarar da nake koyarwa a wani ƙauye na yankin Gazawa, guga ya tsinke a rijiyar gari, ƙugiya ta kasa kamo shi. Sai aka ce a zura yaro, tunda ba shi da nauyi. Wanda aka zaɓa ɗan ajina ne, shekararsa 12. Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba.

Bai jima a ƙasa ba ya daina amsa kira. Aka jawo shi a sume, igiyar kuma ta cinye rabi daidai inda take gogar itacen bakin rijiya. Da sauran shan ruwansa a duniya, ya farfaɗo. Ni dai kunyar shirun da na yi ba ta sake ni ba har yau.

Daga baya na karanta yadda masu nutso a teku ke aiki da tulun iska a baya, na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Kayansu sun fi igiyarmu inganci nesa ba kusa ba, amma ba su yarda da su ido rufe. Kafin mutum ya shiga ruwa sai ya duba agogon da ke nuna iskar da ta rage, ya shaƙa ya ji, abokinsa ya sake duba masa tiyo da maɗauri. Ana kai tulun gwaji lokaci-lokaci, kuma a ƙa'ida ba a nutso mutum ɗaya.

Mu daga Agye zuwa Gidan Rumji tekunmu rijiya ce, kuma matsalar ɗaya ce: numfashi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. A gindin rijiya mai zurfi, gurɓatacciyar iska mai nauyi kan taru ta rage shi, ba launi, ba wari. Shi ya sa tsofaffin masu yasar rijiya ke fara zura fitila: in ta mutu, ba mai shiga. Sai dai fitila ba ta tona asirin hayaƙin injin ban-ruwa, wanda ke kisa shiru. Kada a tayar da inji cikin rijiya ko a bakinta alhali mutum na ƙasa.

Iyaye da ƴan'uwana malamai, roƙona kaɗan ne. Kada a zura yaro. In babba zai shiga, a bi igiya taƙi-taƙi da hannu, a ɗaura masa ta biyu a jiki, a tsayar da ƙarfafa a sama. In ya yi shiru, a jawo shi, kada wani ya bi shi a guje, don haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Ranar kasuwa aka sayo sabon guga. Yaron nan kuwa yanzu magidanci ne, duk sa'ad da muka haɗu sai ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma na rasa inda zan sa idona.