Daga Sabuwar Kasuwar Dutse Zuwa Shuwarin: Neman Wando Daidai Ƙugu

Uwargida, in kin yi arba'in, kin sha kunun kanwa, kin ci gasasshen naman jego, kin san abin da ke biyo baya. Zani ba ya gardama, kina sassauta ɗauri zai bi ki. Amma wandon jins ɗin da kike sawa a ƙarƙashin abaya, shi bai san kara ba: yana isowa cinya sai ya tsaya cak.

In a Dutse kike, ko daga Takur ko daga Fagoji, ɗan sahu zai sauke ki a Sabuwar Kasuwa. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, garin ya cika da ma'aikata, sannan Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 da ɗalibanta. Mai shago kuwa kayan da za su fita da wuri yake sarowa daga Kano, shi ya sa za ki ga wanduna reras, yawancinsu na 'yan mata. Ki ce a ba ki babba, a miƙo wanda ko ƙanwarki sai ta riƙe numfashi. Sau da yawa babu wurin gwaji, ga kunya, sai ki biya ki tafi. A gida ne za ki gane kuɗin cefane kika zubar.

Ranar Litinin ki nufi Shuwarin, can bakin hanyar Kiyawa, ba nisa da gari. Ki wuce motocin hatsi, ki wuce masu dabinon nan da Dutse ta yi suna da shi, ki tambayi 'yan gwanjo. A tulin gwanjo an fi dacewa da manyan wanduna, amma kada lambar da ke jiki ta ruɗe ki. Dila ɗaya takan haɗo kayan ƙasashe daban-daban, kuma lamba 16 ta Ingila ita ce wajen 12 a Amurka, 44 a ƙasashen Turai. Don haka ba jikinki ne ke miki wasa ba, lambobin ne bakinsu bai zo ɗaya ba.

Kafin ki fito, ki sa tela ko wata 'yar'uwa ta auna miki ƙugu da mazaunai, ki rubuta a waya. Ki jefa tef ɗin awo a jaka. A kasuwa ki shimfiɗa wandon, ki auna faɗinsa, ki ninka biyu. Ki saya daidai mazaunanki, domin tela zai iya rage ƙugu cikin sauƙi, amma ƙari sai da toshi. Ki ja yadin ki ji ko mai roba ne, ki zaɓi mai dogon ƙugu da zai rufe mara, musamman in tiyata aka yi miki. Sannan ku yi magana da mai kaya kan canji tun kuɗi na hannunki.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki hana kanki abinci, ko ki kama shan shayin rage ƙiba kina shayarwa, don kawai tsohon wando ya shige ki. Jikin da ya ɗauki ciki wata 9 yana da haƙƙin a yi masa sutura daidai da shi. Zanen aro ba ya rufe katara, wandon budurci ma yanzu kamar na aro ne. Ki ninke shi ki ba ƙanwarki.

In za ki dawo, ki sayo wa yara dabino, ki zauna kusa da taga ki kalli duwatsun da suka ba garin suna. Ke fa, a ina kike samun naki?